Saƙon da Ba Nasa Ba

Jama'a, yau kada wanda ya rubuto min "Allah ya sanya alheri" a ƙasan labarin nan, don girman Allah. Na ga saƙonninku, na ga masu tambayar kalar rigar da zan sa ranar Asabar, har da wadda ta ce in turo mata lambar telana. Na gode ƙwarai. Amma ku bari in faɗa muku abin da ya faru yau Alhamis tukuna, in kun gama karantawa sai ku zaɓa min addu'ar da ta dace, don ni kam kaina ya ƙulle.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini. Ba na taɓa allura, ba na taɓa kwalba, ganin jini ma jiri yake sa ni. Aikina a kwamfuta yake. Masu gwaji su gama, sakamako ya zo teburina, in tsara shi in tura wa kowa nasa ta saƙon waya. Akwai kuma wanda nake so, mai haɗa wa mutane wutar sola. Shi ya haɗa ta ofishinmu, a nan muka haɗu, ya roƙe ni ruwan sha sau huɗu a yini ɗaya har na tambaye shi ko ciwon suga gare shi. Umma tana ce masa Injiniya, kowa a gidan ya ɗauka. Jibi Asabar manyansa za su zo a tsayar da rana.

Shekara ɗaya da rabi abu ɗaya ne ya tsaya tsakaninmu, gwajin sikila. Ni AS ce. In AS ya auri AS, kowane ciki yana iya zuwa da ciwon, kuma a gidanmu ba a littafi muka karanta wannan ba. Ina da yaya namiji da ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya, ni ina da shida. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne: robar ruwan zafi da Umma ke naɗewa a tawul tana ɗora masa a gwiwa, da yadda yake cizon filo don kada in ji kukansa. Umma ba ta maganarsa. Amma duk wanda ya zo neman ɗayanmu, kafin ta tambayi aikinsa ko danginsa, takardar gwaji take tambaya. Sau ɗaya na taɓa yi mata musu a kan haka, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Na binne ɗaya. Ba zan zauna in ga kin binne naki ba." Ban ƙara ba.

Shi kuwa Injiniya kullum da uzurinsa. Yau aiki, gobe tsoron allura, mutumin da ke hawa rufin bene ba igiya! Da wurin aikinmu ya shirya gwajin kyauta na yini ɗaya, da kaina na je na tsaya a kansa har ya shiga layi. Mutum ɗari da arba'in aka ɗauka ranar. Kwana goma da suka wuce saƙo ya shiga wayarsa: AA. Ya turo min hotonsa ba tare da ko kalma ɗaya ba, na miƙa wa Umma wayar. Ta karanta, ta kira yayata ta sake karanta mata, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Kafin la'asar Gwaggo ta sanar a guruf ɗin dangi, kafin magariba an aika a auno tagogin falo za a canza labule.

To, yau da safe wajen goma da rabi, ina shan shayin da ya riga ya huce, sai antin da ke karɓar baƙi ta leƙo ofishina.

"Fito ki ji da wannan, ni ta ishe ni."

Wata mata ce doguwa da goyo a baya, mayafinta ruwan toka ya zame gefe guda, guntun farin zare manne a hannun rigarta. Ta ajiye 'yar takarda a kan teburin karɓar baƙi ta danne da yatsa.

"Baiwar Allah, ke ce mai tura saƙo?"

"Ni ce, Anti. Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya! Kwana goma ke nan kowa ya samu nasa, har maƙwabciyata da muka zo tare, ni shiru. Na kira sau uku ana ce min matsalar sabis ce. Yau na rufe shagon ɗinkina na zo da ƙafata. Ko jinin nawa ne bai yi muku ba?"

Na yi mata irin murmushin da ake biyana in yi, na ɗauki takardar. Lamba ɗari da arba'in.

"Ni ce ta ƙarshe," ta ce. "Har kun fara tattara kaya na iso, da ƙyar mai allurar ya karɓe ni."

Na ce ta zauna, minti biyar kawai. Wallahi a raina na zaci lambar wayarta aka rubuta ba daidai ba.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane abin da na yi wa kaina ba. Da wata manhajar lissafi da ake kira R nake aiki. Sakamakon yana zuwa min ne a wani tsari da ake ce wa list, ni jeri nake ce masa. Ku ɗauka dogon layin kujeru ne, ɗari da arba'in, a kan kowace kujera an ajiye sakamakon mutum ɗaya da lambar kwalbarsa. Lambobin waya suna wani shafin daban, su ma ɗari da arba'in, babu suna ko ɗaya, don kada mu san na wane ne. Umarnin da na rubuta mai sauƙi ne: ɗauki abin da ke kujera ta ɗaya ka tura wa waya ta ɗaya, ta biyu wa ta biyu, har kujeru su ƙare.

Na duba adadin saƙonnin da suka fita ranar: ɗari da talatin da tara. Na tambayi kwamfutar tsawon jerin: ɗari da talatin da tara. Na sake tambaya, kamar za ta ji kunyata ta canza amsa. Sai na fara gangarawa cikin abin da na rubuta, layi-layi, har na iso wurin.

sakamako[[41]] <- NULL

Na tuna. Jinin kwalba ta arba'in da ɗaya ya daskare, bai gwadu ba. Na so in bar kujerarsa babu komai, don a tura masa cewa ya dawo a sake ɗauka. Abin da ya kamata in rubuta shi ne NA, wanda ke barin kujerar a wurinta, a ce dai babu kowa a kai. NULL kuwa ɗauke kujerar yake yi gaba ɗaya, na baya su matso su cike wurin. Ba ya gargaɗi, ba ya kawo jan rubutu, aiki ya ci gaba lafiya lau kamar ba a yi komai ba.

Kun gane ko? Mai lamba arba'in da ɗaya, wanda ba shi da sakamako, ya karɓi na arba'in da biyu. Na arba'in da biyu ya karɓi na arba'in da uku. Haka abin ya tafi har ƙasa, mutum casa'in da tara, kowa riƙe da sakamakon wanda ke bayansa a layi. Ita kuma mai ɗinki, da aka zo kanta kujeru sun ƙare.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wannan. Watan farko da na fara koyon aikin aka ja mana kunne a kai. Kuma da na sa an gwada lambar kwalba da ta mai waya kafin a tura, da tun a nan ya tsaya. Ban yi ba. Ranar Umma ta kira ni sau shida tana tambayar "ya fito?", ni kuma na ɗaure fuska na ƙi leƙa na kowa don in nuna ni mai amana ce, sauri kawai nake in danna tura. Ga inda saurin ya kai ni.

Na buga wa matar nata a takarda, AA ce, na kai mata da hannu biyu ina ba ta haƙuri.

"Da ma yana nan? Sai da kuka sa na yi asarar rabin yini!" Ta gyara goyonta ta fita tana mita. Na bi ta da kallo. Da ta haƙura ta zauna a shagonta, da har yanzu ban san komai ba. Ban sani ba ko godiya zan yi mata ko Allah ya isa.

Na koma na rufe ƙofa. Sau biyu ina rubuta umarni ba daidai ba. Yawancin mutane AA ne, don haka da yawa sun karɓi na wani amma ya dace da nasu. Na sa kwamfutar ta ware min waɗanda abin da aka tura musu ya saɓa da gaskiyar jininsu, ta zuba su a sabon jeri, na sa masa suna kuskure. Kafin in danna sai da na yi addu'a. Na ce Ya Allah, layin mutum ɗari da arba'in ne, ka sa yana cikin arba'in na farko. In ba ya ciki, ka sa na bayansa irinsa ne.

Talatin da uku suka fito.

Ban karanta daga sama ba, idona da kansa ya tafi layi na bakwai. Lambar da na haddace tun kafin in yarda ina son mai ita. Kwalba ta hamsin da takwas. Abin da aka tura: AA. Abin da ke jininsa: AS.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Fanka tana juyawa amma gumi nake, har cikin tafin hannuna. Na cire gyalena na ajiye, na sake ɗauka na yafa, ban san me nake yi ba. A daidai lokacin wayata ta yi haske, saƙon murya daga Umma. Da na sani ban buɗe ba.

"Auta, labulen ya zo, kai, sai kin gani! Ruwan zuma ne ba ruwan ƙasa ba, gara da kika dage. Gwaggonki na nan tana wanke kofunan baƙi. In kin tashi ki biya wajen tela, kada ki tsaya surutu. Allah ya yi miki albarka."

Yanzu zan faɗa muku abin da na yi, kuma wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta. Babu wanda ya san da jerin nan sai ni. Talatin da uku ne ko talatin da biyu, wa zai ƙirga? Kuma yau na koyi, da jikina, yadda ake ɗauke kujera ba tare da an ga gurbinta ba. Na sa yatsuna na rubuta:

kuskure[[7]] <- NULL

Na zauna ina kallonsa. Danna maɓalli ɗaya ya rage. A kira sauran a ba su haƙuri, Asabar ta zo, manyansa su zauna a kan sabon kafet, Umma ta ci gaba da dariyar nan da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Zuciyata har lissafi take min: ai ba kowane ciki ba ne, ɗaya cikin huɗu ne, wasu sun haifi biyar lafiya lau. Ni da lissafi ne sana'ata, na san ƙarya nake wa kaina, amma na saurara.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa tsoron Allah ne ya fara zuwa min ba, ko da yake shi ya kamata. Abin da ya zo min shi ne wata rana ni ce zan naɗe robar ruwan zafi a tawul, Umma tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona, kuma ni kaɗai zan san ranar da na zaɓa mana haka. Na goge layin harafi-harafi. Na buga sunayen, wato lambobin, duka talatin da uku a takarda kafin zuciyata ta sake canzawa, na nufi ofishin Dakta.

Dakta ita ce mai wurin, dattijuwa ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronta. Na yi mata bayani a tsaye. Ta cire tabarau ta ajiye a kan takardar.

"Mutum nawa?"

"Talatin da uku, Dakta."

"Nawa muka ce wa AA alhali ba haka ba ne?"

"Sha shida."

"Kin san abin da mutane ke yi da wannan saƙon? Aure suke ɗaurawa da shi."

"Na sani, Dakta."

"Ba ki sani ba tukuna." Ta ɗauki wayar teburinta. "Babu wani saƙo. Da baki za a kira kowa, yau, a ce ya zo ya karɓi takarda da sa hannuna. Ke ki ɗauki rabi, ni rabi. Maganata da ke sai an gama."

"Dakta, na bakwai..." na ce. "Ina roƙon a bar min shi in faɗa masa ido da ido."

Ta mayar da tabarau ta duba lambar, ta ɗago ta dube ni. Tana da lambar a wayarta, shi take kira duk ranar da baturan ofis suka yi gardama.

"Kafin rana ta faɗi," ta ce. "In ba ki faɗa masa ba, gobe ƙarfe takwas ni zan kira shi. Kuma ba ki da ikon faɗa wa mahaifiyarki kafin shi ya ji, jininsa ne." Har na juya ta ƙara da cewa, "Ki sha ruwa, leɓenki ya bushe."

Awa uku muna kira. Wani ya yi dariya ya ce shi da ma matansa da 'ya'yansa bakwai, rakiya ya yi. Wani ya kashe wayar ina tsakiyar magana. Wata yarinya da aka tura wa AS alhali AA ce ta ce kwana goma ba ta cin abinci, saurayinta ya daina ɗaga wayarta, ta zage ni tas har da iyayena, na ce ta yi haƙuri, ta ƙara. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Ita labari mai daɗi na kai mata. Kishinta ma na ji, Allah ya yafe min.

Tsakanin kira da kira na tura masa saƙo.

"Za ka iya zuwa gida ƙarfe biyar?"

"Ranki ya daɗe, ko ƙarfe biyar na asuba ne. Lafiya?"

"Magana ce."

"Kin fasa ne in mayar da sabon takalmina?" Har da fuskar dariya uku.

Na ajiye wayar a kife.

Ƙarfe huɗu da rabi na shiga gida da ledar tela a hannu. Falon ya canza kamar ba namu ba. Labule ruwan zuma har ƙasa, kafet sabo da ledarsa a gefe ba a gama cirewa ba, an jawo doguwar kujera an kai jikin bango don manya su samu wurin miƙe ƙafa. Kofunan gilashi goma sha biyu da ba a taɓa sha da su ba suna kife a kan tire. Gwaggo, ƙanwar Abba, tana tsaye a tsakiya hannu a ƙugu tana ba da umarni ga babu kowa.

"Ga amarya, ga amarya! Ke, wannan fuskar fa? Zumuɗi ne ya hana ki cin abinci? Kwantar da hankalinki, ba gudu zai yi ba, mun riƙe shi."

"Gajiya ce, Gwaggo."

"Gajiyar danna kwamfuta? Mu da muka yi wanki da hannu fa? Maza sa rigar mu gani."

Na sa. Doguwa ce, shuɗiya mai duhu, da ɗinkin azurfa siriri a wuya da bakin hannu, yadda na zana wa tela da kaina. Ta zauna min cif, abin haushi. Umma ta zagaya ni tana jan kafaɗa tana gyara tsayi, fil biyu a bakinta. Ta cire su ta riƙe hannuna.

"Kin san wani abu, Auta? Tun ranar da aka ce min ke AS ce, kina 'yar shekara uku, nake tsoron ranar aurenki. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar nan sai hankalina ya tashi. Kwana goman nan ne na san ana iya jiran baƙi da daɗin rai."

Na ce zan shiga banɗaki. Na kunna famfo na tsaya ina kallonsa, ina tsoron kada hawaye ya ɗiga a rigar Gwaggo ta gani.

Biyar saura kaɗan na ji hon ɗinsa. Na canza kaya, na ja gyale na fita. Yana jingine da motar aikinsa, rigarsa da tabon gumi a baya, hannunsa da ɗan yanka da ya naɗe da salatif ɗin wayar wuta, kamar kullum. Ya yi min murmushi. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata.

"Malamar lissafi. Wa ya taɓa min ke?"

"Mu shiga mota."

Muka zauna, gilashi a ɗage, warin roba da turarensa. Na shirya jawabi tun a ofis amma ya gudu. Na fara daga matar mai ɗinki, na yi maganar kujeru, na yi maganar kwalba ta arba'in da ɗaya, ina ta zagaye kamar mai ba da darasi. Bai katse ni ba. Hannunsa yana kan sitiyari, yana kallon gaba.

"Saƙon da ka samu ba naka ba ne," na ce daga ƙarshe. "Na wanda ke bayanka a layi ne. Ni na yi kuskuren. Kai... naka AS ne. Ka yafe min, don Allah ka yafe min."

Na jira ya yi salati. Na jira ya ce ƙarya ne, a sake gwadawa, ko ya daki sitiyarin. Har na shirya abin da zan ce in lallashe shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauke numfashi a hankali, ya fara ɓare salatif ɗin yatsansa.

"Kuskure ne?" ya ce.

"Me kake nufi kuskure ne? Ban faɗa maka yanzu ba?"

"Na zaci ke kika yi."

Na juyo gaba ɗaya na kalle shi.

"Tun ina aji uku a sakandare aka gwada ni," ya ce, har yanzu bai dube ni ba. "Na sani. Ranar da kika faɗa min sharaɗin Umma na so in faɗa miki, na kasa. Na ce gobe, na ce jibi. Da kika ja ni layin nan na ce shi ke nan, gara takarda ta faɗa miki, tunda ni na kasa. Sai saƙo ya zo AA. A teburinki yake bi. Na ce ta gani, ta gyara. Na ce yarinyar nan ta san komai, kuma ta zaɓe ni a haka. Kwana goman nan ban taɓa jin ana sona irin haka ba."

Jama'a, ban san sunan abin da na ji ba. Tausayinsa ya kama ni har ƙirjina ya yi zafi, kuma a lokaci guda na so in kwaɗa masa mari. Shekara ɗaya da rabi! Ya zauna a falonmu, ya ga hoton yayana a bango, ya ji Umma tana sa masa albarka.

"Kana kallonta tana kuka don murna," na ce. "Ka sani, kana kallonta."

"Na zaci mu biyu ne muka sani."

"Ka zaci zan yi wa uwata haka?"

Na faɗa da ƙarfi, sai kuma na tuna abin da yatsuna suka rubuta da rana da kuma tsawon lokacin da na zauna ina kallonsa. Ina jin ya ga wani abu a fuskata, don ya matso.

"Wa ya sani?"

"Ni da Dakta."

"Dakta ba za ta zo gidanku ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ki saurare ni. Akwai asibitoci, akwai hanyoyi yanzu, zan yi aiki dare da rana, ko kada mu haihu ma in kin ce haka. Asabar kawai ta wuce. Bayan nan mu zauna mu biyu mu san yadda za mu yi. Ba na roƙon ki yi ƙarya. Shiru kawai."

Kafin in buɗe baki aka ƙwanƙwasa gilashin gefena. Umma ce, da mayafinta na cikin gida, da kofi ɗaya daga cikin sababbin nan cike da ruwan sanyi, wanda ta hana kowa taɓawa sai Asabar. Na sauke gilashin.

"Injiniya, a mota za ku ƙare? Shigo ka ga labule mana, ɗana." Ta miƙo kofin ta gabana tana dariya. Sai idonta ya sauka a fuskata. Dariyar ta tsaya. "Auta, me ya faru?"

"Ba komai, Umma," ya ce da sauri, muryarsa sumul, har da ɗan murmushi. "Aiki ne ya yi mata yawa yau, yanzu nake mata faɗa."

Umma ba ta ko kalle shi ba. Ta janye kofin ta riƙe shi a ƙirjinta.

"Ba kai na tambaya ba," ta ce.